Ni Na Zuba Ƙwayar a Kununka

Gangare, Jos.
Ranar Laraba, da hantsi.

Zuwa ga ɗana Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri mai ɗorewa, ina roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya sa wannan takarda ta riske ka cikin natsuwa, ya kiyaye tafiyarka ta ranar Asabar, ya sauke ka Zariya lafiya a hannun kawunka Ɗanlami, ya kuma sanya albarka a aikin wuyan riga da za ka koya a wurinsa.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka. Hujjata ita ce, na daɗe da lura cewa maganar baki tana zo maka tare da fuska da murya da motsin hannu a lokaci guda, sai ta yi maka yawa. Rubutu kuwa yana tsayawa inda aka ajiye shi har ka gama da shi. Na ƙudurta zan yi amfani da ƙananan kalmomi, amma ka san halin mahaifinka. Inda na zarce, ka ja layi a ƙarƙashi ka tambayi kawunka.

Ga jigon maganar tun farko, kada in ɓoye ta a bayan dogon sharhi. Shekara guda da wata huɗu ke nan ba ka ci abin da Innarka ta dafa ba, saboda ka yi imani ita ta zuba maka magani a kunu a ɓoye. Ba ita ba ce. Ni ne. Ba na so ka hau mota ranar Asabar da wannan kuskuren fahimta a zuciyarka. Zan faɗa maka yadda na kai ga aikata hakan mataki bayan mataki, domin kowane mataki kuskure ne mai zaman kansa, kuma akwai abin da za ka tsinta a cikinsa, ko da yake ni kaina har yanzu ban gama warware wasu ba.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki abin da ban fahimta ba na sa masa sunan da ya fi mini sauƙi. Tun kana ƙarami kake toshe kunne idan an tayar da injin niƙa na bayan layinmu. Wuri guda kake zama a tabarma, kwano guda kake shan kunun gyaɗa a ciki kowace safiya, kuma idan baƙo ya yi sallama sai ka kalli takalminsa maimakon fuskarsa. Ni kuwa a lokacin ina malamin firamare mai shekara ashirin da 'yan kai, ina ganin babu ɗabi'ar da tarbiyya ba ta miƙewa, sai na ce taurin kai ne. Da na tafi jami'a na dawo da digiri, sai na sauya masa suna na ce raunin azama ne, wanda bai fi na farkon gaskiya ba, tsawo kawai ya fi shi.

Sa'ad da ka kai aji biyu na sakandare ka fara tsayawa a bakin ƙofa da jakarka, numfashinka yana sama-sama, ka kasa taka ƙafa waje. Daga baya ko hular da kake ɗinkawa ka ajiye, wadda a da sai an ƙwace allurar kafin ka ci abinci. Kana zaune hawaye yana zuba babu sauti. Me na yi? Na zaunar da kai na yi maka lacca ta kusan awa guda a kan jarumta da juriya da tarihin mazan jiya. Da na gama na tambaye ka ko ka fahimta, ka ce, "Baba, ka ce 'haƙiƙa' sau goma sha ɗaya." Na fusata a ranar. Yau na gane iyakar abin da ka iya riƙewa ke nan a cikin ruwan maganar da na kwarara maka.

Saboda haka, idan irin wannan nauyi ya sake sauko maka a Zariya, kada ka jira a gane daga fuskarka, domin fuskarka ba ta ba da labari, ni shaida ne. Ka ɗauki takarda ka rubuta kalmomi kaɗan, "gabana yana faɗuwa" ko "ba na son komai yau", ka miƙa wa kawunka. Na yi magana da shi, ya yarda zai karanta ba tare da ya yi maka wa'azi ba. Idan kuwa tunanin mutuwa ya zo maka, ko na cutar da kanka, wannan ba ya kwana: a ranar za ka faɗa, a ranar za a kai ka ga likita.

Kakarka Iya ce ta matsa aka kai ka asibiti, ba ni ba, ko da yake a wajen abokai na sha barin a ɗauka ni ne. Likitan ya daɗe yana tambayar yadda ka taso, sannan ya rubuta wata kalma a takarda ya turo mini, wai otizim. Iya ta ce, "Oti wa? Ɗan gidan wane ne?" Likitan ya yi dariya, ni kuwa na haɗe rai, domin ban san kalmar ba kuma ba na so a gane. Da muka dawo na buɗe babban ƙamusuna, na tarar da layi biyu waɗanda ba su yi kama da kai ba ko kaɗan. Abin da likitan ya faɗa da bakinsa ya fi amfani, sai dai ban saurara da kyau ba. Ya ce wannan yanayin halittarka ne, ba shi da ƙwaya, kuma ba shi za a yi wa magani ba. Abin da za a yi wa magani shi ne fargabar da ta hana ka fita da ƙuncin ran da ya hana ka ɗinki, waɗanda suka hau kan halittar daga baya. Ya rubuta ƙwayoyi iri biyu: ƙarama ruwan ɗorawa domin fargaba, da ja mai santsin baya domin ƙuncin rai. Ya ce jar ba ta nuna aikinta sai bayan makonni, a yi haƙuri.

A tagar karɓar magani akwai wani dattijo ɗan ƙasar nan ta tsauni, mai farin gashi, ya miƙo kwalaben yana cewa, "Oga malam, wannan ja ɗin a haɗiye shi da ruwa. Kar a tauna, kar a fasa. Guda ɗaya, ka ji ko? Ɗaya." Na amsa masa da Turanci mai nauyi cewa ba yau na fara karanta rubutun jikin kwalba ba. Ya dube ni ya ce, "To, oga, Allah ya ba da lafiya." Sau da yawa nakan tuna da wannan duban.

Kuskure na biyu gaggawa ce da na yi wa ado da sunan mantiƙi. Kwana takwas kana shan magani ban ga sauyi ba. Na zauna na yi lissafi irin na mai ilimi: idan ɗaya tana aiki a mako huɗu, ashe biyu za su yi a mako biyu. Na fara ba ka jar biyu-biyu. Bakinka ya bushe har harshenka yana mannewa, ka riƙa barci a zaune da rana tsaka, rana ta huɗu ka miƙe daga bakin famfo jiri ya kwashe ka, goshinka ya bugi bokiti. Tabon yana nan a saman girarka ta hagu. Iya ta zo tana salati, da ta ji abin da na yi ta ce, "Kai da aka aika ka karanto labarin matattu, yaushe ka koma likita? Isiyaku, tarihi fa ka karanta!"

A nan nasihata ba ta da ruɗani ko kaɗan. Adadin da likita ya rubuta shi ne adadi. Kada ka ƙara domin ranar ta yi tsanani, kada ka rage domin ranar ta yi daɗi, kada kuma ka daina gaba ɗaya rana guda domin ka ji ka warke. Ruwan ɗorawar nan musamman, likita ya ce jiki yana sabawa da ita, shi ya sa yake janye maka ita kaɗan-kaɗan, kuma likitan Zariya ne zai ci gaba da janyewar bisa takardar da na sa a aljihun akwatinka. Idan wani ya ce maka ƙara, ko da mai digiri ne, ko da ni ne, ka ce a nuna maka rubutun likita.

Bayan faɗuwar nan ka ƙi shan maganin sam. Ka rufe baki, ka juya fuska ga bango. Yanzu na ga cewa hukuncinka daidai yake bisa abin da ka sani: abu ya kayar da kai, ka guje shi. Amma a lokacin fargabarka ta dawo fiye da da, ko ƙarar murfin tukunya sai ka zabura, ni kuma kunya ta hana ni komawa asibiti in faɗi abin da na aikata. Sai na yi kuskure na uku, wanda saboda shi nake wannan rubutu.

Wata safiyar Talata, ana sanyin nan namu na Jos mai shiga ƙashi, Innarka ta dama kununka ta zuba a kwanonka. Na ce ta kawo in kai maka, tun da hanyata ce. A soro na tsaya. Na naɗe jar ƙwaya a gefen jarida, na murƙushe ta da bayan cokali, na zuba, na juya. Na ajiye maka a wurin zamanka na koma gefe ina gyara igiyar takalmi. Ka kai cokali ɗaya baki. Ka tsaya. Ka taɓa harshenka da yatsa, domin ashe ƙwayar idan an fasa ta, ban da ɗaci, tana kashe harshe. Ka dubi kwanon, ka dubi ƙofar madafa inda Innarka take, ka ture shi a hankali. Ba ka dube ni ba ko sau ɗaya, domin a tsarin da ka sani, kunu daga hannunta yake fitowa, ni ba ni da alaƙa da shi.

Tun daga ranar ka koma dafa wa kanka dankalin Turawa da ƙwai, abubuwan da kake ɓare bawonsu da hannunka. Na ga haka, na san dalili, na ce wa kaina kwana biyu ne za ka manta. Ni da na haife ka, na san ba ka mantuwa.

Iya ce ta sake ɗaukar al'amarin. Ta shigo ɗakinka da mayafinta ta ce, "Maigida, tashi ka raka matarka asibiti. Ko so kake in yi yaji in koma gidanmu?" Ka ce, "Iya, nan ne gidanku." Ta ce, "To ka ga ba ni da wurin zuwa, sai ka tashi." Ka tashi. A gaban likita, karo na farko, aka tambaye ka kai da kanka abin da ƙwayar take yi maka. Na buɗe baki zan amsa a madadinka kamar yadda na saba, Iya ta take mini ƙafa. Can ka ce, "Baki yana bushewa. Ƙasa tana juyawa idan na tashi. Takarda ta ce ɗaya, an ba ni biyu." Likitan ya ɗago ya dube ni, na amsa laifin, domin babu hanyar kaucewa. Sai ka ƙara da cewa, "Kuma Inna ta sa a kunu."

Auwalu, a nan ne ya kamata in yi magana. Ni da ba a taɓa rasa ni da kalma ba, ni da nake gyara wa shugaban makarantarmu jimla a taron malamai, na sunkuyar da kai na yi shiru. Na riga na amsa laifi ɗaya a gaban mutumin da nake so ya ɗauke ni tsaransa a ilimi, sai na ji ba zan iya amsa na biyu ba. Na bar shi ya faɗa kan matar da ba ta wurin.

Likitan ya yi abin da ya kamata in yi tun farko. Ya zana maka a takarda abin da kowace ƙwaya take yi, da abin da za ka iya ji a jikinka, da kwanakin da za a jira. Ya ce kwalba ta zauna a hannun Iya, amma kai za ka ciro ƙwayar da yatsunka, ka gan ta cikakkiya, ka haɗiye, ka yi alama a takarda. Ka karɓa a ranar ba tare da gardama ba. Ashe abin da kake bukata ke nan, a gaya maka gaskiya dalla-dalla. Wannan tsari za ka ci gaba da shi a Zariya: kwalaben a akwatin kawunka mai makulli, saboda ƙananan 'ya'yansa, domin jar nan haɗari ce babba ga yaro. Kada ka karɓi magani a cikin abinci ko abin sha daga hannun kowa. Idan aka ba ka sabuwar kwalba ka ga launin ƙwayar ya sauya, kada ka jefar kuma kada ka sha, ka tambayi mai ba da maganin, ka saurare shi fiye da yadda na saurari nawa. Azumi yana tafe. Kada ka sauya lokutan sha da ra'ayinka, ka je wurin likita tun kafin a ga wata ya tsara maka. Idan za ka miƙe, ka miƙe a hankali.

Akwai abin da ba zan iya ba ka nasiha a kansa ba, domin ni ma a ruɗe nake. Bayan kamar mako shida ka ɗauki allura ka ƙarasa hular da ka ajiye. Shin jar ƙwaya ce ta yi aiki? Ko rubutun sha da Iya take karɓo maka wurin malaminta, wanda na yi ta yi wa ba'a, kai kuwa kana shansa saboda a gabanka ake wanke allon? Ko cire ka daga hayaniyar makaranta da muka yi? Ko daina laccata? Na auna wannan a mizanin hankali ta kowace fuska ban sami matsaya ba. Wani lokaci kuma idan na ga ka yi shiru da yamma, sai in rasa ko natsuwa ce ko nauyin magani ne, ko kuwa kai ne kawai yadda Allah ya yi ka, ni ne ban taɓa tsayawa na san ka ba. Na tambayi likita har yaushe za ka sha, ya ce za a duba a gani. Na ce masa wannan ba amsa ba ce ta ilimi. Ya ce ita ce yake da ita. Ban sani ba ko tura ka Zariya daidai ne, ni da na yi mafarkin ganinka a jami'a. Abin da na sani shi ne shagon kawunka shiru ne, zare da allura ne kawai, kuma da ya ga aikin hularka ya juya ta ciki da waje ya ce bai ga inda ka ɗaure zaren ba. Kai ne za ka gaya mana yadda jikinka yake ji. Ka riƙa rubutawa, ko layi biyu ne, domin a wannan fanni kai ne mai sani, mu masu hasashe ne.

Saura maganar Innarka. Za ka ce, idan ba ita ba ce, me ya hana ta faɗa? Ka san kai ɗan fari ne. Ba ta kiran sunanka, ba ta zama ta yi hira da kai, idan za ta yi maganarka sai ta ce "yaron nan", kamar yadda uwarta ta yi da nata ɗan farin. Ni na yi watsi da wannan al'ada tun ina saurayi, na ce ragowar zamanin duhu ce, ina kiran sunanka gatsal a gaban kowa. Ita kuwa ta riƙe. Kai da kake ɗaukar abu yadda ya bayyana, wataƙila ka fassara shirunta da rashin damuwa. Ba haka ba ne. Duk abin da kunya ta hana bakinta faɗa maka shekara goma sha shida, a kwanon nan take zuba shi: ta san yawan tsamiyar da kake so, ta san ba ka son gudaji, tana tacewa sau biyu. Hanya ɗaya tak take da ita zuwa gare ka, ni kuma na bi ta kanta na lalata.

Da Iya ta gaya mata abin da ka faɗa a asibiti, ba ta yi kuka a gabana ba. Tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, kunun nan hannu biyu ya bi, nawa da naka." Na ce za a yi maganar a lokacin da ya dace. Ta ce, "To." Ba ta sake tayar da ita ba, kuma ba za ta taɓa zuwa ta wanke kanta a wurinka ta hanyar tona mijinta ba. Lokacin da ya dace ɗin nan shi na yi ta ɗagawa har aka sa ranar tafiyarka.

Nasihar da ke cikin wannan ita ce mafi gajarta: idan ka yi laifi ka faɗa a ranar, da ƙananan kalmomi. Ni ga shi sai da na cika shafi shida.

Ba zan umarce ka ka ci abincinta ba. Na yi maka dabara sau ɗaya, ba zan maye ta da tilas ba. Idan ka ga dama ka daina karɓar komai daga hannuna, wannan hukunci ne da ya faɗa inda ya dace, zan ɗauka. Kafin in rufe takardar nan na shiga madafa na karanta mata sakin layin da na amsa laifina, na tambaye ta ko akwai abin da take so in ƙara. Ta daɗe tana juya tukunya ba ta waiwayo ba. Sannan ta ce, "Ka ce wa yaron nan ba sai ya ci ba. Ya dai daina sake wanke cokalin da na wanke."

Ban san kana yin haka ba, Auwalu. Wata goma sha shida muna gida ɗaya, ban gani ba. Ita kullum tana gani.

Saura safiya uku kafin motar Zariya. Abin da za ka yi da su naka ne.

Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya raba ka da fargaba da ƙuncin zuciya, ya haɗa ka da mutanen da za su gaya maka gaskiya kai tsaye. Ya sa maganin da kake sha ya zame maka waraka, ya nuna mana ranar da likita zai ce ya isa. Ya yi wa Innarka sakayya da alheri, ni kuma ya yafe mini. Ka gaishe da kawunka Ɗanlami da iyalinsa. Iya ta ce in gaya maka idan ka auro 'yar Zariya ba da saninta ba, sai ta biyo ka har shagon.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku.